Shamuwar Kaka Ginka

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ko na haƙura da Yasen na bi zaɓin Mama, to ku gyara zama. Ke kuma da kika rubuto cewa likita ai likita ne, kada in yi wa kaina sakiyar da ba ruwa, na ga saƙonki, na gode, da alama makaranta ɗaya kuka yi da Mama. Yau labarin Lahadin da ta wuce zan ba ku, ranar da saura ƙiris in shaƙe saurayina a bakin kogin Maritsa, a gaban kakata.

Don waɗanda yau suka fara bina, sunana Ralitsa, shekarata ashirin da shida, a kantin magani nake aiki. Mu uku ne a gida, ni da Mama da mahaifiyarta Kaka Ginka, a hawa na shida cikin garinmu Plovdiv. Yasen malamin makaranta ne, idan an yi dogon hutu kuma sai ya rataya jaka ya bi lambunan gari yana ƙirga tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, yana aika wa wata ƙungiya. Wata takwas ke nan muna tare, amma Mama ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai ƙirgen nan naki". Nata gwanin shi ne Dakta Lyubomir, ɗan ƙawarta, likitan haƙori a Jamus. A hoto kawai na san shi, ya jingina da mota ya yashe baki, haƙora talatin da biyu duk a waje, kamar ana tallar sana'ar.

A gidanmu ba a cewa an karɓi mutum sai ya zauna a teburin Lahadi, kuma teburin na Kaka ne. Ita take cewa wane ya zo, wane ya dakata. Mama ta daɗe tana yi mata naci har ta yarda Dakta ya zo cin abincin rana idan ya sauka. Ni ko da na kawo maganar Yasen, sai Kaka ta ɗaga hannunta na hagu ta nuna min zaren da ke ɗaure a wuyan hannun.

Martenitsa ce, zaren nan ja da fari da muke ɗaura wa juna ranar ɗaya ga Maris, ba a cirewa sai an ga shamuwar farko ta dawo, sannan a rataye shi a reshe. Mu 'yan birni da mun ga bishiya ta yi fure mun cire, an wuce wurin. Kaka ta ce wannan aikin ragwaye ne. Shekara hamsin da biyu ita da kakana Dobri suna shiga motar haya su tafi ƙauyensu, su ga shamuwa da idonsu, su rataye nasu tare a bishiyar da ke ƙofar gidan mahaifinta. Bana kwana goma bayan ta ɗaura masa nasa ya rasu. Tun daga nan ba ta ƙara sauka ƙasa ba, daga baranda kuwa ban da tattabaru ba abin da ake gani. Ga shi har ƙarshen Yuli zaren yana hannunta, farin ya yi dauɗa, jan ya koɗe.

"Tunda kin ce ya san tsuntsaye, ya nuna min shamuwa," in ji ta. "In na kwance zaren nan ta dalilinsa, ya ci abinci a teburina. In bai iya ba, ya ci gaba da ƙirgensa."

Mama har da dariyarta a kicin. Ta san shamuwa ba ta cika shigowa cikin gari ba, ta kuma san nan da mako uku za su kama hanyar kudu. Kaka ce ta zaɓi ranar da kanta, Lahadin da Dakta zai zo, ta ce mu fita da asuba mu dawo kafin ƙarfe biyu, coci kuwa Allah ya san uzurinta.

Yasen ya roƙe ni in sa kaya marasa haske don kada in kori tsuntsaye. Sau uku ina canza riga, daga ƙarshe na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai ƙananan furanni, wadda ya ce ta yi min kyau ranar da muka fara haɗuwa. Tsuntsun da rigata za ta kora, ya tafi, Allah ya raka taki gona. Kaka ta fito cikin baƙaƙen kayanta na takaba, ta ɗaure kai da ɗankwali, ga sanda, ga jakar hannu da ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata. Ƙarfe shida saura muka tarar da shi a ƙasa, ya wanke tsohuwar motarsa har tayoyi, ya sa rigar da aka goge, ga wata kujera mai naɗewa ya sayo don Kaka. Ya gaishe ta yana in'ina. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce da ni, ba a hankali ba, ashe dogo ne, ai ko ba madubin hangen nesa shi zai riga kowa hangowa.

Da tudun Bunarjik muka fara, tun rana ba ta yi zafi ba. Ya san ba za a samu shamuwa a can ba, ya kuma gaya mata gaskiya, ya ce so yake idonta ya saba da madubin hangen nesa kafin mu je inda ake sa rai. Ya rataya mata shi a wuya, ya nuna mata inda ake murzawa. Yana ta raɗa mata ta duba reshen can, ga maƙwaƙƙwafi yana aiki, ita kuwa ta juya madubin ta saita shi kan benayen unguwarmu.

"Ga barandar maƙwabciyarmu Penka can," ta ce. "Har yanzu labulen nan ne, tun na bikin ɗanta. Matar nan rowa za ta kashe ta."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Wata huɗu rabon da in ji Kaka ta yi gulmar wani, ban san na yi kewar abin ba sai ranar. Can sai ga alhudahuda ya sauka a kan hanya, taku goma daga inda take zaune, ya buɗe tukkunsa ya rufe. Kaka ta zuba masa ido. Da ya tashi ta ce rabonta da ganinsa tun tana budurwa tana kai wa babanta abinci gona. Yasen ya ciro ɗan littafinsa mai baƙin bango ya rubuta, da lokaci da wuri. Ta leƙa ta ce ya ƙara da cewa Ginka ce ta fara gani, ya kuwa rubuta.

Ƙarfe takwas saƙon Mama na farko ya shigo: "Ta sha maganin hawan jininta? Kada mai ƙirgen nan ya kashe min uwa a rana." Ban gama karantawa ba wani ya biyo: "Ki dawo da wuri ki wanke kai. Ba da wannan gashin za ki tarbi mutane ba."

Daga nan muka wuce lambun Lauta, can gefen da ba a yanke ciyawa ba. Nan ne aikinsa na gaske. Yana da hanya guda da yake bi kowane mako, a hankali, hannu a baya, yana ƙirga duk malam-buɗe-littafin da ya gifta gabansa ko kusa da shi dama da hagu. Wanda ya bi ta bayansa ba ya cikin lissafi. Muka kafa wa Kaka kujerarta a inuwa, ni na bi shi. Farare, shuɗaye ƙanana kamar farcen yatsa, masu ruwan goro da ɗigo-ɗigo, suna ta tashi daga ciyawa duk inda muka taka. Rigar da aka ce kada in sa kuwa ita ta ci kasuwa. Wani babba mai ratsin baƙi da jela biyu ya zo ya sauka a kafaɗata ya yi zamansa, yana buɗe fukafukai yana rufewa. Yasen ya ce kada in motsa. Ya daɗe yana kallo, kuma na lura ba malam-buɗe-littafin kaɗai yake kallo ba. Daga inuwa Kaka ta ɗaga murya ta ce a rubuta guda ɗaya, a ci gaba da tafiya.

A nan muka ɗan yi cacar baki, ku riƙe wannan don zai dawo. Wani ja mai kyau ya wuce ta bayansa, na gan shi sarai, na kwatanta masa, har ya ce wata biyu yake neman irinsa a lambun. Na ce to ya rubuta mana. Ya ce bai gani ba. Na ce ni na gani, ko ƙarya zan yi masa? Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma littafin na abin da idonsa ya tabbatar ne, in ya fara sa abin da yake so ya gani, littafin ya tashi daga aiki. Na murguɗa masa baki na koma wurin Kaka.

Ta buɗe ƙullin banitsa, burodin nan namu mai ninki-ninki da ta sa ni na gasa tun jiya, mai cuku da yawa, muka ci da nono mai sanyi. Tana ci tana yi masa tambayoyi kamar ba komai, su wane ne iyayensa, babansa yana sha ne, wa yake wanke masa kaya. Ya ce shi yake wanke abinsa. Ta ce ta ga alama a wuyan rigar. Ya ci yanka uku, ta ƙara masa na huɗu ba tare da ta tambaye shi ba, ni kuwa zuciyata fari ƙal, don a wurin Kaka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai zaren yana nan a hannunta, rana kuma tana ta hawa.

Sha ɗaya da rabi muka isa lambun da ke gefen tafkin tseren kwale-kwale, muka bi ta cikin dogayen bishiyoyi har bakin kogi. A nan duk fatanmu yake. Ranar Alhamis Yasen ya ga shamuwa huɗu a kan yashin tsakiyar kogin suna kiwo, har hoto ya turo min. Muka iso, yashi fayau. Agwagin ruwa suna nan, tsattsewa suna ta shawagi, wani ɗan tsuntsu shuɗi mai sheƙi ya wuce kamar an harba shi har Kaka ta tafa hannu, amma shamuwa ko gashinta. Zafin Plovdiv kun san shi, iska ma kamar daga tanda take fitowa. Na riƙe wa Kaka lema, Yasen yana ta kai da kawowa a bakin ruwa, madubi a ido, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Tausayinsa ya kama ni.

Wayata ta yi ƙara: "Dakta ya taso daga gidansu. Ina kuke?" Sha biyu da rabi ta wuce. Na fara addu'a a zuci, ina yi wa Allah alkawuran da na san ba zan iya cikawa ba.

Ɗaya saura kwata, sai ga wani ƙaton tsuntsu ya taso daga cikin ciyayin tsallaken kogi, dogayen ƙafafu, manyan fukafukai, yana kaɗa su a hankali, rana ta haske shi ya yi fari-fari. Kaka ta miƙe tsaye ba sanda.

"Ga ta nan. Ralitsa, ga ta, kuma a sama na gan ta, ba a tsaye ba. Shekarar lafiya ke nan."

Ta sa yatsu ta fara ƙoƙarin kwance ƙullin zaren.

Jama'a, wata takwas ina bin mai tsuntsaye, ko ba na so na koyi wani abu. Shamuwa miƙe wuya take yi in tana tashi, bakinta ja. Wannan ya naɗe wuyansa ya cusa kai cikin kafaɗu. Zalɓe ne. Na sani, na kuma san Yasen ya sani tun kafin ni. Amma tsohuwa mai shekara saba'in da shida ta yi murna, ga zare zai fita, ga teburi yana jira, wa aka cuta? Na matsa kusa da shi na ɗora ƙafata a kan takalminsa na danna. Na zare masa ido. Ban ce ya yi ƙarya ba, shiru kawai nake so ya yi na minti ɗaya.

Ya dube ni, ya dubi yatsunta a kan ƙullin.

"Kaka Ginka, dakata, kada ki kwance," ya ce. "Ki yi haƙuri, ba shamuwa ba ce. Zalɓe ne."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma da na ja shi mun tafi tare. Haushi ya turnuƙe ni har idona ya kawo ruwa. A raina na ce shi ke nan, ka zauna da littafinka, ka aure shi, ku haifi 'yan takardu. Kaka ta saki zaren, ta koma ta zauna a hankali. Zalɓen ya yi gaba abinsa, bai san ɓarnar da ya yi ba.

"Ka san abin da ka yi wa kanka yanzu?" ta tambaye shi.

"Na sani, Kaka. Ina son Ralitsa, ina kuma son zama a teburinki. Amma wata biyar kina jiran shamuwa. Ba zan iya tsayawa ina kallo ki cire shi a kan zalɓe ba."

Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke kuma ja'ira, sauke ƙafarki daga kan takalmin mutane, tun ɗazu nake ganinki."

Na janye ƙafa, kunya kamar ta kashe ni. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya take yi. Ta ce da farko da gaske ta ɗauka ita ce, ido ya tsufa. Amma da ya juya ta ga wuyan a naɗe ta gane, ita da ta yi shekara ashirin tana kwana ƙarƙashin sheƙar shamuwa. Tana shirin cewa ta yi kuskure sai ta hangi ƙafata tana aiki, ta ce bari ta ga inda za a kwana.

Daga nan ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ranar da kakana Dobri ya fara zuwa gidansu, ita ta dafa miyar wake, don rawar jiki ta zuba gishiri sau biyu. Kowa a teburin ya yi ta yabo yana kurɓar ruwa. Da babanta ya tambayi baƙo, sai ya ce gaskiya gishiri ya yi yawa, sannan ya cinye tas ya miƙo kwano a ƙara masa. Ta ce a daren ta gaya wa uwarta in ba shi ba sai rijiya.

Ta jawo jakar nan da ta hana kowa taɓawa, ta ciro wani farin hankici a ninke, ta buɗe shi a kan cinyarta. Zare ne ja da fari, da 'yar tsakiya shuɗiya guda ɗaya a tsakiyarsa. Na gane shi nan take. Na kakana ne. Bayan rasuwarsa Mama ta birkice gidan nan kaf tana nemansa, ta yi kuka har ta gaji, daga ƙarshe muka ɗauka da shi aka binne shi. Ashe Kaka ce ta kwance shi daga hannunsa a asibiti ta ɓoye.

"Tsohona bai ga tasa shamuwar ba bana," ta ce. "Ba don nawa na matsa ba, don nasa ne. Da ka bar ni na rataye masa shi a kan zalɓe, da ban yafe maka ba. Miƙo hannunka, ɗan nan."

Ta ɗaura masa a hannun dama, ƙulli biyu. Ta ce ya riƙe wa Dobri amana zuwa Asabar, ya zo da motar nan tasa mai tari ya kai ta ƙauye, sheƙar tana nan a kan turken wuta a ƙofar gidansu, su rataye biyun tare kafin shamuwa su tafi. Yasen, dogon mutum, har da share ido da bayan hannu. Ni kuwa kuka nake ina dariya, majina da komai, kwalliyar da na ɓata awa guda ina yi duk ta bi ruwa. Na ce masa a hankali har yanzu ina jin haushinsa. Ya ce ya sani, ƙafarsa ma ta sani.

Muna cikin mota saƙo ya sake shigowa: "Dakta ya iso, da furanni har ba ya ganin gabansa. Na zaunar da shi a kujerar Baba. Ki shigo ta kicin ki gyara fuska tukuna." Na karanta wa Kaka. Kujerar kakana ce da ke kan gaba a teburin, ba wanda ya zauna a kanta tun Maris. Kaka ta ce in rubuta mata kalma uku kawai: "Ki ƙara faranti."

Biyu da minti biyar muka tsaya a ƙofar gida, takalmanmu duk laka, ciyawa a gashina, Yasen rungume da kujera mai naɗewa. Ban bi ta kicin ba. Mama ce ta buɗe, ta sha rigarta mai ruwan toka ta zuwa biki, ta riƙo babban kwanon miyar kokwamba mai sanyi da hannu biyu. Ta bayanta na hango Dakta ya miƙe daga kujerar, haƙoran nan duk sun hallara. Yasen ya ajiye kayan hannunsa ya miƙa hannu zai gaishe ta, sai idonta ya sauka a kan shuɗiyar tsakiyar. Murmushin da ta shirya wa baƙo ya ɓace.

"Wannan ai na Babana ne," ta ce.

"Nasa ne," in ji Kaka. "Ajiye kwanon nan kafin ki yi mana wanka da shi."

Ta ratsa ta gefenta da sandarta, ta shiga falo, ta yi wa Dakta sannu da hanya, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta yaba furannin. Sannan ta dafa bayan kujerar kakana.

"Likita, matsa can kusa da taga, ya fi iska. Wannan da mai ita."

Mama ba ta ajiye kwanon ba. Ta dubi zaren, ta dubi Yasen, karo na farko a wata takwas ta dube shi a fuska sosai. Sannan ta juyo gare ni, idonta cike da ƙwalla, muryarta can ƙasa.

"Ralitsa, biyo ni kicin. Ki rufo ƙofa."